KWARIN DA KE CIN GOMBE DA MASU RABON AGAJIN DUNIYA

Duk mutumin Gombe da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko kasuwar shanu ta Lokpanta, idan ya yi shekara uku bai leƙa gida ba, ranar da ya sauka zai ga abubuwa biyu. Zai ga garin ya ƙara faɗi, gidajen kwano sun kai wuraren da ya bari ana noman gero. Zai kuma ga kwarin da ya sani tun yana yaro, wanda a dā ake tsallake shi da taki ɗaya, ya zama ƙaton rami mai zurfin da zai haɗiye ɗaki har rufinsa, ya kuwa matso gindin katangar maƙwabta. Na farkon shi ake bugawa a jarida. Na biyun ba safai ake jin labarinsa ba sai ranar da ya ci mutum.

Wannan kwari, wanda ma'aikatan gwamnati ke kira zaizayar ƙasa, yana cikin manyan masifun birnin Gombe. Ba ya zuwa rana ɗaya kamar gobara. Kowace damina yana gutsurar abin da ya samu, bana ya ci masai, baɗi ya ci madafa, shekara ta uku ya kai ga ɗakin uwargida, har maigida ya kwashe ƙyamare da kwanon rufi ya tafi neman haya. Mutanen Pantami da Bolari da Herwagana da Malam Inna da Kagarawal da Arawa duk sun san wannan labari. To, a daidai wannan lokaci akwai waɗansu mutane a manyan biranen Turai da Amurka da ke zama kowace shekara suna yanke shawarar inda kuɗin agajin duniya zai tafi. Yadda suke zaɓen wanda za a taimaka, da dalilin da ya sa gari irin Gombe yakan faɗo ƙarshen layi, abu ne da ya kamata duk mai aika kuɗi gida ya fahimta.

YADDA GARIN YA ZAUNA

Kafin a zargi kowa, ya kamata mai karatu ya tuna inda aka ajiye garin. Gombe ta yanzu ba ita ce ta Buba Yero ba. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, a Gombe Abba ya zauna, can kusa da kogin Gongola. Turawa ne suka ɗauke hedkwatar suka kai Nafada a 1913, daga nan kuma suka mai da ita Doma a 1919, watau inda birnin yake a yau.

Wurin da suka zaɓa kamar ƙwarya yake. Tudu yana yamma, ta wajen hanyar Bauchi, ƙasa kuwa tana gangarowa gabas. Ita ƙasar mai yashi ce, ba ta da danƙo, da ruwa ya taɓa ta sai ta saki. Muddin akwai itatuwa da ciyawa da gonaki a kan tudun, ruwan sama yakan nutse a inda ya sauka, abin da ya rage ya gangaro a hankali. Haka aka zauna shekara da shekaru garin yana ƙarami.

Sai auduga ta kawo arziki, jirgin ƙasa ya iso a 1963, kasuwar Tudun Hatsi ta bunƙasa har ta zama inda ake lodin wake da masara zuwa Kurmi. A ran 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya yanke Jihar Gombe daga Bauchi, garin ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka dawo daga Bauchi, aka yanka filaye, aka sare itatuwa, aka zuba kwalta. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Gombe kaɗai sun haura 260,000, ban da unguwannin da suka malala cikin ƙasar Akko. Daga baya kuma rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Borno da Yobe da Adamawa. Kowane rufin kwano da aka ɗora, da kowane titi da aka shimfiɗa, wuri ne da ruwa ba zai ƙara nutsewa ba. Sai ya taru ya nemi hanya, hanyar kuwa ta cikin gari take.

RUWAN SAMA YA CANJA HALI

Da a ce ruwan yana nan yadda aka san shi, da da sauƙi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun tashi da tsoron rashin ruwa. Yanzu tsoron ya zama biyu, domin damina takan makara ko ta yi tsaiko a tsakiya, sa'an nan ruwan da ya kamata ya rarrabu cikin kwanaki ya zubo a dare ɗaya. A 2017 waɗansu masana na Ingila da Faransa sun bincika hotunan da taurarin ɗan Adam suka ɗauka tun daga 1982, suka gano cewa irin gagarumin hadarin nan mai zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya ya ninka har sau uku a yankin Sahel. Gombe kuwa tana bakin wannan yanki daga kudu. Dalilin a fili yake: iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, duniya kuma tana ƙara zafi saboda hayaƙin man fetur da gawayin kwal da gas da ake ƙonawa.

Mutanen Gombe ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2004 ba, wadda ta kashe mutane da dama ta kuma rushe gidaje masu yawa a cikin gari. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, masana kuma suka lissafta cewa canjin yanayi ya sa irin ruwan da ya haddasa ta ya fi saurin aukuwa kamar sau 80. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Watau dai wani ne ya hura wutar, wani kuma ke shan zafinta. A kan wannan hujja ce ƙasashe matalauta ke tsayawa su ce abin da suke nema haƙƙi ne, ba sadaka ba.

IDO, WA KA RAINA?

Amma kuɗin agaji ba hujja yake bi ba, ido yake bi. A 1984 an yi watanni ana gargaɗin cewa yunwa na tafe a Habasha, manyan ƙasashe suka yi kunnen uwar shegu. Sai a watan Oktoba da gidan talabijin na BBC ya nuna hotunan yara ƙashi da rai a garin Korem, duniya ta tashi tsaye, har mawaƙa suka yi gagarumin wasa a Landan da Amurka a watan Yuli na 1985 don tara gudummawa. A wannan lokacin kuwa fari ɗaya ne ya kama Nijar da arewacin Nijeriya. Mutanen Nijar har suna suka sa wa yunwar, suka ce mata El-Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da aka rufe kan iyaka. Su ba su sami mai ɗaukar hotonsu kamar na Korem ba.

Wani malami Ba'amurke mai nazarin halayyar ɗan Adam, Paul Slovic, ya daɗe yana bin diddigin wannan abu. A wani gwaji da ya yi tare da abokan aikinsa, an nuna wa waɗansu mutane hoton yarinya guda 'yar Mali mai shekara bakwai, aka gaya musu sunanta, aka ce tana fama da yunwa. Waɗansu kuma aka ba su lissafin miliyoyin da ke fama da yunwa a Afirka. Waɗanda suka ga yarinyar sun fi ba da kuɗi nesa ba kusa ba. Abin mamaki, da aka haɗa hoton da lissafin wuri ɗaya, sai kyautar ta ragu. Zuciya tana iya ɗaukar mutum ɗaya, amma da an ce miliyan sai ta dushe.

An ga haka a fili a 2015, sa'ad da hoton gawar wani ƙaramin yaro ɗan Siriya a bakin tekun Turkiyya ya zaga duniya. Gudummawar da ake ba ƙungiyar Red Cross ta Suwidin ta ninka sau da yawa a makon farko, bayan 'yan makonni kuma ta koma kusan yadda take, alhali yaƙin bai tsaya ba. A watan Afrilu na 2019 da gobara ta kama tsohuwar majami'ar Notre-Dame a Faris, cikin 'yan kwanaki an yi alkawarin fiye da Yuro miliyan 800 don gyaranta. Ba wanda zai ga laifin mutum don ya ji zafin abin da yake nasa. Ana dai nuna yadda hannu ke saurin shiga aljihu ne idan ido ya ga wuta.

Ko a gida haka abin yake. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Gwamnoni da attajirai suka yi ta sauka da gudummawa, 'yan Arewa mazauna Ikko da Fatakwal suka yi karo-karo, kuma daidai ne da suka yi. Amma an daɗe ana kokawa a kan lalacewar madatsar kafin ta ɓalle. Kuɗin da zai gyara ta bai kai ko kusa da asarar da aka yi ba, sai dai tsagewar bango ba ta sa kowa hawaye.

Gombe ta gamu da wani abin da ya fi wannan ban takaici. Ita ma ta sha nata rabon na bom, har da wanda ya tashi a babbar kasuwa ana jajiberin Ƙaramar Salla a watan Yuli na 2015, ya kashe kusan mutum 50. Duk da haka tsarin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya jihohi uku ya fi mai da hankali a kansu, watau Borno da Adamawa da Yobe. A 2025 Majalisar ta nemi Dala miliyan 910 don mutum miliyan 3.6 a waɗannan jihohi. Su kuwa waɗanda suka gudo Gombe akasarinsu ba su zauna a sansani ba. 'Yan'uwa da abokan kasuwanci da malaman unguwa ne suka buɗe musu ɗakuna, daga baya suka nemi haya ko ɗan fili mai araha, fili mai araha kuwa sau da yawa shi ne na bakin kwari. Tun da babu tantuna a jere, babu abin da mai ɗaukar hoto zai ɗauka. Karamcin mutanen gari shi ya ɓoye baƙin daga idon masu rabo.

MASU ALƘALAMI DA LISSAFI

Ganin yadda tausayi ke karkata, sai waɗansu suka ce a ajiye shi gefe a ɗauki alƙalami. A 2004 wani ɗan ƙasar Danmak, Bjorn Lomborg, ya tara manyan masana tattalin arziki takwas a Kopenhagen, ya ce musu a ƙaddara ga Dala miliyan dubu 50, ina za a sa ta ta fi amfani? Suka jera matsalolin duniya. Rigakafin cutar ƙanjamau ya zo na ɗaya, sinadaran gina jiki na yara na biyu, zazzaɓin cizon sauro na huɗu. Shirye-shiryen rage hayaƙi don hana ɗumamar duniya su suka zo can ƙarshe, bisa hujjar cewa suna da tsada, amfaninsu kuma sai jikoki za su gani.

Akwai gaskiya a maganarsu, bai kamata a yi watsi da ita ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, gidan sauro kuwa ba shi da tsada, yana kuma ceton rai a wannan daminar. Jihar Gombe ma tana da nata misali a Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji ke karɓar manoma da makiyaya daga jihohi da dama, yawanci waɗanda kububuwa ta sara a gona. Maganin dafin daga Birtaniya da Kosta Rika ake kawo shi, yakan kuma yanke. Wani babban kamfanin Faransa ya daina yin nasa maganin a 2014 saboda ba riba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai a 2017 ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su. In da lissafi ake bi, da kwalbar magani ba ta taɓa yankewa a Kaltungo ba.

Inda lissafin ya gaza shi ne inda ya ɗauki canjin yanayi kamar matsalar gobe. A Gombe ta yau ce. Kuma matar da ake so a ba gidan sauro ita ce dai wadda kwari ke cin ɗakinta. Ruwan da ke kwanciya a gindin kwari da cikin magudanun da suka toshe shi ke ƙyanƙyashe sauron. Masai da ya rufta cikin ruwa shi ke kawo amai da gudawa. Kwalbatin da ta karye ita ke hana mai naƙuda isa asibiti da dare, ita ke sa yaro ya zauna a gida duk ranar da aka yi ruwa domin makaranta tana ƙetare. A takarda ana iya raba lafiya daban, ilmi daban, yanayi daban, amma a Kagarawal gida ɗaya ne.

Ban da haka, masanan na Kopenhagen sun auna gidan sauro ne da rage hayaƙin masana'antu. Abin da Gombe ke bukata wani abu ne na uku, watau shirin zama da yanayin da ya riga ya canja: magudanar kankare, kwalbatoci, itatuwa a kan tudu, da gargaɗi kafin ruwa ya sauko. Shi kansa Lomborg bai ƙi irin wannan aiki ba. Wani kwamiti da tsohon Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Ban Ki-moon, ya shugabanta ya ƙiyasta a 2019 cewa kowace Dala ɗaya da aka kashe a irin waɗannan ayyuka tana mayar da kusan huɗu. Saboda haka ko da alƙalami aka bi, magudanar Gombe ta ci jarrabawa. Matsalarta ita ce ta faɗa tsakani: ba ta da hoton da zai motsa masu tausayi, ba ta kuma da saurin sakamakon da masu lissafi ke so su rubuta a rahoton ƙarshen shekara. Gidan da bai rushe ba, ba a ƙidaya shi.

ALKAWARI DA RANCE

Alkawari kam an sha shi. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki sun ce kafin 2020 za su riƙa ba da Dala miliyan dubu 100 kowace shekara don matsalar yanayi. Ba su cika ba sai a 2022, bisa lissafin ƙungiyarsu da kanta, sa'ad da adadin ya kai kusan miliyan dubu 116. A ciki, abin da ya tafi ga shirin zama da canjin yanayi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma wajen kashi biyu cikin uku na abin da gwamnatoci da bankunansu suka bayar rance ne. A Masar a 2022 an amince a kafa asusun biyan asarar da yanayi ya jawo, a Dubai a 2023 aka yi masa alkawarin kimanin Dala miliyan 700, watau bai kai abin da aka tara wa majami'ar Faris ba, alhali na duniya ne gaba ɗaya. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin shekara zuwa miliyan dubu 300 kafin 2035.

To, me ya iso Gombe? Abin da ya iso na a-zo-a-gani ta hannun Bankin Duniya ya zo. Akwai shirin NEWMAP da aka fara a 2012 da Dala miliyan 500. Mazauna Anacha da Inugu za su gane shi, domin da jihohi bakwai na Kudu ya fara, inda ramukan Nanka da Agulu suka daɗe da yin suna, daga baya aka shigar da jihohin Arewa. A ƙarƙashinsa aka gyara kwarin da ya taso daga Jami'ar Jihar Gombe ya bi ta Malam Inna zuwa Kagarawal, tsawon fiye da kilomita 7. Bayansa sai shirin ACReSAL na Dala miliyan 700, wanda Bankin ya amince da shi a watan Disamba na 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. A ƙarshen 2023 Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da aikin babban kwarin nan na Kwalejin Ilmi ta Tarayya, wanda kowa ke kira kwarin FCE, mai tsawon kimanin kilomita 21, a kan kuɗi wajen Naira miliyan dubu 12.

Waɗannan ayyuka ne na gaske, wanda gidansa ya tsira ya san darajarsu. Amma fa a sani, kuɗin Bankin Duniya rance ne. Ruwansa kaɗan ne, wa'adinsa mai tsawo ne, amma za a biya, kuma ba da Naira ba. A farkon 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ke nan talakan da bai taɓa mallakar ko babur ba, shi da 'ya'yansa za su biya kuɗin gyaran ɓarnar da hayaƙin wani ya ƙara wa ƙarfi.

SHEKARAR DA AKA RUFE FAMFO

A 2025 ma sai maganar ta canja gaba ɗaya. Shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin Amurka a watan Janairu, kafin watan Yuli ya ƙare an rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana tallafa wa asibitoci da makarantu a Arewa. Amurka ta kuma janye daga yarjejeniyar yanayi ta Faris. Ingila, wadda ta riga ta rage agajinta a 2021, ta ce za ta ƙara rage shi zuwa kashi 0.3 cikin 100 na arzikinta kafin 2027 don ta ƙara wa soja. A watan Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas saboda rashin kuɗi. A wannan watan kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida.

In aka kai nan, babu mai hankalin da zai ce a bar yaron da ke mutuwa a gina magudana. Yaron ne farko. Sai dai kada a yarda a ce tsakanin su biyu kaɗai zaɓi yake. A 2024 duniya ta kashe fiye da Dala miliyan dubu 2,700 a kan soja da makamai, agajin da ƙasashe masu arziki suka bayar kuwa wajen miliyan dubu 212 ne, watau bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyu ba. An riga an yi babban rabon a wani ɗaki, sa'an nan aka miƙo ragowar aka ce matalauta su yi gardama a kanta.

NA GIDA MA DA NASU

Ba daidai ba ne a ɗora wa baƙi komai. Tun 1981 Nijeriya take da Asusun Kula da Muhalli, wanda ake cire masa kaso daga kuɗin tarayya don irin wannan matsala. Inda kuɗin ke shiga tambaya ce da aka daɗe ana yi. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon Gwamnan Filato, Joshua Dariye, saboda karkatar da fiye da Naira miliyan dubu ɗaya na wannan asusu, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Ƙasar da ta yi haka da nata kuɗin, muryarta ba ta ƙarfi idan ta je taron duniya neman na wasu.

A cikin garin ma ana yanka filaye a kan hanyar ruwa, ana kuma samun masu saye. Ana zuba shara da leda a magudana da sunan ruwa zai tafi da su. Masu tifa suna kwasar yashi a gindin kwari, abin da ke ƙara masa zurfi ya sa bakinsa ya rufta. Itacen girki da gawayi suna shigowa gari kullum daga dazuzzukan da ke kewaye, kuma da wuya a ga laifin matar da ba ta da kuɗin gas ko kananzir. Gwamnatin jiha ta fara shirin dashen itatuwa a 2019 da niyyar dasa miliyan ɗaya kowace shekara. Niyya ce mai kyau, amma ranar dashe ce ke da ganga da 'yan jarida. Ban ruwa a watan Maris da tsare dashen daga awaki su ne ainihin aikin, su kuwa ba mai zuwa kallo.

MAI AIKA KUƊI GIDA

Mazaunin Kurmi shi ma ƙaramin mai rabon agaji ne, domin duk wata yana yanke irin wannan shawara. In aka bugo waya aka ce Inna tana asibiti, ko gobara ta kama shagon ƙane, kafin la'asar kuɗi sun tafi. In kuwa aka ce kwari ya matso saura taki goma, sai ya ce a bari sai ya zo Salla. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke Ikko da Badun da Shagamu sun ƙware wajen karo-karo na jana'iza da kai gawa gida da belin ɗan'uwa. Da wuya a ji wadda ta ware wani abu don kwalbatin unguwa, ko don sayen siminti da duwatsu a tare bakin rami tun yana ƙarami, lokacin da buhunan yashi da dashen jema da aikin gayya na kwana biyu za su iya tsai da shi. Idan ya girma sai injiniya da miliyoyi.

Haka kuma masu sayen fili ta waya su yi hattara. Fulotin da aka ce an samu a rabin kuɗi, a aika wanda aka amince da shi ya je ya gani da damina, ba da rani ba, ya duba ta ina ruwan unguwar ke bi, ya kuma tambayi maƙwabta inda bakin kwari yake shekara biyar da suka wuce. Mutane da yawa sun tara guminsu na shekaru a Mile 12 ko Apapa sun zuba shi a kan hanyar ruwa.

Shirin ACReSAL na shekara shida ne, ana sa ran zai ƙare a 2028. Bayan nan kankaren da aka zuba zai zama na jiha da ƙananan hukumomi, su za su riƙa kwashe yashi da ledar da ke cika shi kowace damina, su toshe inda ya tsage kafin ruwa ya shiga ƙarƙashinsa. Rancen gini ake bayarwa, ba a ba da na shara. Ƙananan rassan kwari da ke shiga cikin manyan, waɗanda ba su cikin kwangila, suna nan a bayan gidaje a unguwanni da dama, kuma daga watan Yuli zuwa Satumba ne suka fi ci.